Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba: Tarihin Haɗin Gwiwa da Ƙasashen Waje Wajen Koyar da Sana'a a Ƙasar Daura

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Daura ya san labarin Bayajidda tun kafin ya san baƙi da wasali. An ce ya fito daga Bagadaza, ya zauna a Barno, ya biyo ta Garun Gabas, ya iso Daura da dare ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana. Da ya nemi ruwa aka gaya masa cewa macijiya ta hana ɗiba a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, ya je ya kashe ta, gari ya sami ruwa. Akwai wani zango a cikin wannan tafiya da masu ba da labari kan ambata a gurguje su wuce, wato tsayawarsa a Gaya, inda maƙera suka ƙera masa wuƙar da ya yi aikin da ita. Masana tarihi sun daɗe suna muhawara a kan ko Bayajidda mutum ɗaya ne ko kuwa hoton wata ƙaura ce ta jama'a. Ko a wane matsayi aka ɗauki labarin, abin da magabata suka zaɓa su adana a cikinsa abin lura ne: baƙo ya zo da ƙarfin hali da dabara, amma makamin da ya buɗe wa gari rijiya daga hannun maƙeran ƙasa ya fito.

Wannan maƙala za ta bi sawun haɗin gwiwar da aka yi da ƙasashen waje wajen koyar da sana'o'i a ƙasar Daura da kewayenta, tun daga makarantar Ɗan Hausa ta 1909 har zuwa Jami'ar Sufuri da wani kamfanin ƙasar Sin ya gina a zamaninmu. Abin da take son tabbatarwa abu ɗaya ne. A tsawon shekaru sama da ɗari, taimakon baƙi ya fi yin jijiya a inda ya bi ta hannun gwanayen gari kuma ya buɗe ƙofa ga waɗanda aka saba bari a waje. Inda kuwa ya tsaya ga gini da injuna da takardar shaida, yakan bushe da zarar baƙon ya ɗaure kayansa.

Makarantar da ba ta da allo

Kafin Bature ya sa ƙafa a ƙasar Hausa, akwai tsarin koyar da sana'a mai matakai, ko da yake ba a rubuta shi a takarda ba. Yaron maƙera yakan fara da kawo gawayi da zuga zugazugi, yana kallon yadda launin ƙarfe ke sauyawa a wuta. Sai ya yi shekaru kafin a ba shi awartaki ya riƙe, sa'an nan a ba shi masaba ya yi duka a kan uwar maƙera. Ranar da ya ƙera fartanya ko lauje manomi ya saya bai dawo da ƙorafi ba, ranar ya ci jarrabawa. Haka abin yake a karofi wajen haɗa baba da toka, da majema wajen jiƙa fata da bagaruwa, da wurin dukawa da masaƙa da magina. A cikin gida kuma uwa ke koya wa 'yarta gurzar auduga da kaɗi da mazari da saƙar faifai, a wasu gidajen har da ginin tukwane.

Sarauta ce ta riƙe wannan tsari. Kowace babbar sana'a tana da shugabanta, kamar Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa da Sarkin Magina da Sarkin Aska, wanda ke sasanta rigima, ya tattara haraji, ya tara mutanensa in fada tana da aiki. Masanin nan M. G. Smith, a littafinsa kan sha'anin mulkin Daura da ya fito a 1978, ya yi bayanin yadda sarautu da sana'o'i suka sarƙu da juna a wannan masarauta. Ingancin abin da irin wannan makaranta ke fitarwa kuwa kasuwar duniya ta shaide shi, domin jar fatar akuya da aka jeme a ƙasar Hausa takan haye Sahara ta isa Turai, inda ake sayar da ita da sunan fatar Maroko.

Sai dai tsarin yana da ƙofa, kuma ƙofar ƙarama ce. Mafi yawan sana'o'i na gado ne, ɗan haye kuwa ba a cika sakar masa sirri ba. An kuma jera sana'o'in hawa-hawa a idon jama'a, har ta kai wasu gidaje ba sa ba wa mai wata sana'a aure, komai arzikinsa. Makafi da guragu da kutare suna da sarakunansu, abin da ya ba su murya a fada, amma hanyar abincin da al'umma ta fi ware musu ita ce bara, in ban da 'yan sana'o'i irin tufkar igiya da aka san makafi da ita. Saboda haka gadon da Daura ta shiga ƙarni na ashirin da shi fuska biyu gare shi: koyarwa ta zahiri wadda ta san kasuwa, da kuma shinge da ya hana da yawa shiga. Da waɗannan ma'aunai biyu, wato aiki da hannu da damawa da kowa, za a auna duk abin da baƙi suka kawo daga baya.

Ɗan Hausa da makarantar Nasarawa

A 1904 Turawan Ingila suka maido da sarautar Daura gidan da ya riƙe ta kafin jihadi, suka naɗa Malam Musa, ƙasar kuma ta kasance ƙarƙashin Lardin Kano har zuwa 1934 da aka haɗa ta da Katsina aka yi sabon lardi. Don haka farkon abin da ya shafi Daura na ilimin zamani daga Kano ya taso. A can ne Hanns Vischer, haifaffen ƙasar Suwizalan wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantun Nasarawa a 1909, bayan ya je Masar da Sudan da Gwalkwas, wato Ghana ta yau, ya ga yadda ake gudanar da makarantu. Ya yi sashen malamai, da na 'ya'yan sarakuna, da kuma na sana'a, inda ake koyar da sassaƙa da ƙira da dukanci da ɗinki da gini.

Abubuwa biyu sun bambanta wannan yunƙuri. Na farko, da Hausa ake koyarwa, kuma an ɗauko gwanayen gari su koyar da abin da suka gada, a ƙara musu da sababbin kayan aiki da awo. Na biyu, baitulmalin sarakuna ya ɗauki kaso mai yawa na kuɗin, don haka makarantar ba ta rataya ga aljihun baƙo kaɗai ba. Daga baya aka buɗe irin waɗannan makarantun sana'a a wasu larduna. Tunanin ya kuma sami goyon baya daga ƙetare, domin hukumar Phelps-Stokes ta Amurka, wadda ta zagaya Afirka ta fitar da rahoto a 1922, ta nemi a daidaita ilimi da rayuwar jama'a, kuma takardar manufar ilimi da Ingila ta fitar a 1925 ta bi wannan layi. Vischer kansa shi ne sakataren kwamitin da ya tsara ta.

Duk da haka, a cikin shekaru ashirin reshen sana'a ya fara yaushi. An buɗe Kwalejin Katsina a 1921 domin horar da malamai, ta zama matattarar waɗanda za su riƙe Arewa. Bayan da E. R. J. Hussey ya zama daraktan ilimi na Nijeriya baki ɗaya a 1929, aka narkar da makarantun sana'a cikin sababbin makarantun Midil, aikin hannu ya koma darasi ɗaya cikin darussa. Iyaye da yara ba makafi ba ne. Sun ga wanda ya iya alƙalami shi ke zama akawu ko malamin En'e, ya sami albashi da doki da girma, alhali wanda ya iya zarto yana ƙarewa a sashen ayyuka ƙarƙashin umarnin akawun. A daidai wannan lokaci kuma jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, yana ta sauke yadin Ingila da kwanonin ƙarfe da ke kashe wa masaƙa da maginan tukwane kasuwa. A tsawon sarautar Sarki Abdurrahman, daga 1911 zuwa 1966, hanyar yaron Daura mai ƙwaƙwalwa ta zama sananniya: elementare a gida, Midil a Katsina, sa'an nan aikin gwamnati. Ita ce hanyar da Muhammadu Buhari ya bi lokacin da ya shiga Midil ta Katsina a 1953. Maƙera da karofi suka ci gaba da koyar da 'ya'yansu, amma ba su da suna a littafin hukuma.

Ta fuskar waɗanda aka bari a baya kuwa, yunƙurin farko daga 'yan mishan ya zo. A ƙarshen shekarun 1930 ƙungiyar SIM ta karɓi ragamar zangon kutare na Babbar Ruga da ke bayan garin Katsina bisa yarjejeniya da En'e, inda bayan magani majinyata ke noma da koyon aikin hannu. A 1953 ƙungiyar SUM ta buɗe makarantar makafi a Gindiri. Waɗannan wurare sun nuna cewa mai lalura yana iya koyo ya ci da kansa. Sai dai nisa, da keɓewa daga gari, da kuma ɗari-ɗarin da iyaye Musulmi ke yi da makarantar mishan, sun taƙaita yawan waɗanda suka amfana.

Zamanin akwatuna

Gab da samun mulkin kai aka kafa hukumar Ashby, mai wakilai uku-uku daga Nijeriya da Ingila da Amurka, cikinsu har da Shettima Kashim daga Arewa, da tallafin gidauniyar Carnegie. Rahotonta na 1960 ya yi kashedi cewa ƙasar za ta rasa ma'aikatan tsakiya, wato masu aikin fasaha da ke tsakanin injiniya da lebura, kuma ya koka da yadda ake raina aikin hannu. Hukumomi sun biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Cibiyar fasaha ta Kaduna da aka buɗe a 1956 ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha a 1968. An kafa asusun horar da ma'aikatan masana'antu na ITF a 1971, da hukumar ilimin fasaha ta NBTE a 1977 mai hedikwata a Kaduna, da hukumar samar da aikin yi ta NDE a 1986.

Babban gwaji shi ne tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa a 1982. Manufarsa kyakkyawa ce: kowane yaro ya taɓa katako da ƙarfe da waya a shekaru uku na ƙaramar sakandare, domin wanda bai ci gaba ba ya fita da abin yi. Gwamnati ta sayo injunan koyarwa daga ƙasashen Gabashin Turai irin su Bulgeriya da Hangari, aka rarraba wa makarantu a faɗin ƙasa. A wurare da dama akwatunan suka isa makarantun da ba su da ɗakin aiki, ba su da wutar lantarki, ba su da malamin da ya taɓa ganin irin injin. Wasu suka yi tsatsa ba a kwance su ba, wasu aka sace. Yara suka riƙa haddace sunayen kayan aiki daga allo domin cin jarrabawa.

Abin takaicin shi ne, a bayan katangar kowace irin wannan makaranta akwai kafinta da mai walda da bakanike da ke aiki da yaransu daga safe zuwa magariba. Ba wanda ya yi tunanin shigo da su aji, ko ya tura musu ɗalibai, domin ba su da takardar shaidar malanta. Ɗan Hausa ya fara da gwani sa'an nan ya kawo masa kayan aiki. Masu tsarin 1982 sun fara da kayan aiki suka manta da gwani. Zanen aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Itatuwa da murhu

Jihar Katsina ta samu a 1987, ƙasar Daura kuma, mai ƙananan hukumomi biyar a yau, wato Daura da Mai'aduwa da Sandamu da Zango da Ɓaure, ta kasance a bakin iyakar Nijar inda kwararowar hamada ta fi tsanani. Wannan ne ya jawo wani sabon nau'in haɗin gwiwa. A ƙarshen shekarun 1980 ƙungiyar tattalin arzikin Turai ta EEC ta tallafa wa shirin dashen itatuwa a arewacin jihar, aka kafa wuraren renon iri, aka koya wa manoma da 'yan makaranta reno da dashe da yin shingen iska. Koyarwa ce ta zahiri, a gona ake yin ta, ba a tambayar mutum takarda kafin ya shiga.

A ranar 10 ga Nuwamba 1995 gwamnatin soja ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Fatakwal, Tarayyar Turai kuwa ta dakatar da taimakon raya ƙasa ga Nijeriya. Manomin Ɓaure da bai taɓa jin sunan Ogoni ba ya wayi gari abin da ya faru a can ya shafi gandun renon da ke kusa da shi. Wannan shi ne darasi na biyu da tarihi ya bayar: igiyar taimakon waje a hannun siyasar da ɗan gari ba shi da iko da ita take. Abin da ya saura bayan tafiyar baƙi shi ne itatuwan da suka riga suka kama ƙasa, da kuma ilimin da ya riga ya shiga hannun manoma.

A 2014 Tarayyar Turai ta dawo yankin da wani shiri na rage cin itacen girki, wanda ƙungiyar Oxfam da cibiyar ICEED ta Nijeriya suka gudanar a ƙananan hukumomi bakwai: biyar na ƙasar Daura, da Dutsi da Mashi. Shirin ya ɗauki hanyoyi biyu. Ta farko ita ce renon tohon kututture a gona maimakon sare shi, dabarar da aka raya a Maraɗi tun 1983 ta hannun Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, tare da manoman yankin, waɗanda suka raɗa mata suna sassaben zamani. Ta biyu ita ce horar da masu sana'a na gida, musamman maginan tukwane, su riƙa yin murhu mai tsimin itace su sayar. A nan an koma ga hikimar farko. Ba a shigo da murhu daga Turai a cikin akwati ba. Yumɓun ƙasar ne, hannun da ya saba da shi ne, sabon fasali kawai aka ƙara. Da yake ginin tukwane sana'a ce da mata ke da babban rabo a cikinta, kuma su ne ke shan hayaƙin girki, ƙofa ta buɗe ga waɗanda tsarin makaranta bai taɓa kaiwa gare su ba.

Mafita da 'ya'yan bakin ƙofa

Shirin da ya fito fili ya ce waɗanda aka ware su ne abin nemansa shi ne Mafita, wanda ma'aikatar raya ƙasashe ta Birtaniya, DFID, ta ɗauki nauyi daga 2015, kamfanin Adam Smith International ya gudanar a jihohin Kano da Kaduna da Katsina, daga baya har da Jigawa. Ya sa wa kansa burin kaiwa ga matasa 68,000, ya kuma ambaci waɗanda yake nufi: almajirai, da 'yan mata da ba sa makaranta, da masu buƙata ta musamman, da marayu. Hanyoyinsa biyu ne. Ɗaya ita ce a kai yaro shagon gwani ta hannun ƙungiyoyin masu sana'a, bayan an horar da gwanin kansa yadda zai koyar bisa tsari. Ɗayar ita ce gyara tsofaffin cibiyoyin koyon sana'a na gwamnati. A duka biyun ana fara wa yaro da karatu da rubutu da lissafi, domin tela da bai iya karanta awo ba, ko mai gyaran wuta da bai iya lissafin waya ba, iyakarsa kusa take.

Muhimmancin wannan shiri a tarihi shi ne, ya maido da mai shago cikin lissafin hukuma. Ya zo daidai da tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa da gwamnatin tarayya ta amince da shi a 2013 ƙarƙashin NBTE, wanda ya ba da damar a gwada mutum a kan abin da hannunsa ya iya, a ba shi shaida ko da bai taɓa zama a aji ba. Ƙasar Jamus, wadda ake yawan buga misali da ita, a kan irin wannan ginshiƙi ta gina masana'antunta: ɗalibi yana raba mako tsakanin ma'aikata da makaranta, ƙungiyoyin masu sana'a kuma su ke yi masa jarrabawa. Hausawa suna da rabin wannan tsari tun kaka da kakanni. Abin da ya rage shi ne a haɗa shi da ɗayan rabin.

Amma Mafita ma shiri ne mai wa'adi, ya yi kimanin shekara biyar ya miƙa wa jihohi. A 2020 aka narkar da DFID cikin ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya, aka kuma sanar da rage kuɗin taimako daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasar. A 2025 Amurka ta rushe hukumarta ta USAID. Wanda ya karanta abin da ya faru a 1995 ba zai yi mamaki ba.

Jami'ar Sufuri da layin dogo

Haɗin gwiwa mafi girma da Daura ta taɓa gani a wannan fage ya zo ne a zamanin mulkin ɗanta. A 2019 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura. A ranar 2 ga Disamba na wannan shekara Shugaba Buhari ya aza harsashin Jami'ar Sufuri, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya ɗauki nauyin ginawa a kan kuɗin da aka sanar sun kai kimanin dala miliyan 50, a matsayin gudummawa saboda kwangilolin layin dogo da yake yi a Nijeriya. Kamfanin ya kuma kai ɗaliban Nijeriya jami'o'in ƙasar Sin su karanta injiniyancin jirgin ƙasa. A 2023 aka sa hannu a dokar kafa jami'ar, ba da jimawa ba ta ɗauki ɗalibanta na farko. A watan Fabrairu 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda kamfanin Mota-Engil na Fotugal ke yi, zai kuma ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya.

Hujjar kafa jami'ar mai ƙarfi ce. Nijeriya ta ci bashi ta shimfiɗa dogo, in ba ta horar da masu kula da shi ba za ta dawwama tana hayar baƙi. An yi ta muhawara a jaridu a kan dalilin kai ta Daura, amma tambayar da ta fi shafar talakan Daura wata ce dabam: wa zai shiga? Jami'a tana neman sakamakon sakandare mai kyau da cin jarrabawar JAMB, kuma ta ƙasa ce baki ɗaya, kamar yadda ya kamata. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani a Zango, da yarinyar da aka cire daga aji uku a Sandamu, da kurman da ke gyaran babur a Mai'aduwa, duk ba su da wannan mabuɗi. Alhali kuwa layin dogo, bayan injiniyoyi, yana buƙatar masu walda da masu aikin wuta da kanikawa da magina da masu duba hanya, kuma yawan waɗannan ya ninka na injiniyoyi. Idan ba a yi tanadi ba, jirgi zai ratsa ƙasar Daura da ma'aikatan da aka ɗauko daga nesa, 'ya'yan gari kuwa su tsaya a tasha da farantin talla.

Doka ta riga ta share hanya. A watan Janairu 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga, ta kuma ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Muradun raya ƙasa da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 su ma sun ambaci daidaita damar koyon sana'a ga mata da masu lalura. Amma gurbi ba ya amfanar wanda ba a koya masa aikin ba.

Kammalawa

Idan aka jera waɗannan zamunna, za a ga hanya ɗaya ta ratsa su. Makarantar Nasarawa ta yi ƙarfi lokacin da ta dogara da gwanayen gari da baitulmali, ta raunana da aka fifita alƙalami. Injunan 1982 sun mutu a akwati domin ba a nemi mai hannu ba. Shirin itatuwa ya tsaya a 1995, amma abin da manomi ya koya bai tsaya ba. Murhun yumɓu da shagunan Mafita sun kai ga mata da almajirai domin sun je inda suke, ba su jira su zo da takarda ba. Magabata sun taƙaita wannan da cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓa tana da amfani, takan raya shuka a lokacin da ruwa ya yi nisa, amma hantsi na ɗagawa take tafiya. Kaba kuwa tana nan rani da damina, da ita ake saƙa tabarma da igiya.

Saboda haka abin da ya rage aikin 'yan gida ne, kuma ba ya buƙatar jiran wani sabon baƙo. Kwalejin Kimiyya da Fasaha da Jami'ar Sufuri suna iya buɗe gajerun kwasa-kwasai da Hausa, su gwada masu walda da kanikawan gari su ba su shaidar ƙwarewa, kamar yadda Kwalejin Kaduna ta fara yi da masu sana'ar kasuwar Panteka. Masarauta, wadda har yau take naɗa sarakunan sana'a, tana iya sa su zama masu rajistar yaran shago da masu tsaya musu, tare da sarakunan makafi da guragu a zaman shawara. Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi kuwa, duk yarjejeniyar da za su sa wa hannu da wata ƙasa, ya kamata tun ranar farko a rubuta wanda zai biya malami, ya sayi gawayi da waya da man inji, a shekarar da baƙo zai tafi. Kamfanonin da ke shimfiɗa dogo su ma a ɗaure su da sharaɗin ɗaukar yaran yankin su koyi aiki a kan aikin.

Mu da muka fito jami'a a 'yan shekarun nan mun ga yadda takarda ke kwana a jaka shekara da shekaru, muna kuma ganin tsaranmu da suka zauna a shago suna ciyar da gida. Tarihin da aka bibiya a nan ya nuna cewa raba waɗannan biyu kuskure ne da aka fara tun wajen 1930, aka kuma maimaita shi da kuɗi masu yawa. Ana kan shimfiɗa dogo a ƙasar Daura yanzu. Shekarun da suka rage kafin jirgi ya fara tsayawa a tasharta su ne wa'adin da ake da shi na horar da waɗanda za su ɗaure ƙusoshinsa, su gyara wutarsa, su kula da hanyarsa, kuma a tabbatar cewa a cikinsu akwai almajiri, akwai mace, akwai mai sanda.